Majalisar Aji Biyu da Lambatun Ƙofar Makaranta

Na daɗe ina koyar da Tarihi da darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa, wanda yara ke kira Sibik, a wata ƙaramar sakandare da ke cikin Badarawa. Duk tsawon shekarun nan kayan aikina alli ne da allo da maƙogwarona. In shiga aji in rubuta matakan gwamnati uku, tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, yara su kwafa, in ce su maimaita, su maimaita da ƙarfi har ajin kusa su ji, ranar jarrabawa su juye mini abin da na ba su. Ba na jin akwai wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa matakan nan suna da wata alaƙa da shi ko da layinsu. Ga shi kuma kullum bayan an dawo tara ake saka Sibik, lokacin da ciki ya ɗauka, ido ya yi nauyi.

Wata rana a farkon damina na shiga ofishin firinsifal neman alli, sai na hangi wani kwali a kan kabad. Firinsifal ɗinmu dattijo ne, Bazazzagi, ya kusa ritaya, mutum mai taka-tsantsan da kayan gwamnati kamar ransa. Na tambaye shi abin da ke cikin kwalin.

Ya ce, "Majigi ne. Tsofaffin ɗalibai suka kawo mana tun bara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shi ne yake zaune a nan ba a taɓa kunna shi ba?"

"To, Malama, in ya lalace a hannun wa za a ce ya lalace?"

Na ce a ce a hannuna. Ya dube ni, ya dubi kwalin, sannan ya sauko da shi da kansa ya miƙo mini da hannu biyu kamar mai ba da ajiyar ƙwai.

Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, aikinsa ya shafi safiyon filaye, saboda haka taswira ita ce abincinsa. Ranar Asabar da hantsi ya baje mini laftof ɗinsa a tsakar gida, ya nuna mini wata manhaja da ake ganin duniya daga sama, hotunan da tauraron ɗan Adam ya ɗauka. Ya koya mini yadda zan jawo wuri kusa, da yadda zan mayar da hoton baya in ga kamannin wurin a shekarun da suka wuce. Ya nuna mini wace waya ke shiga wane rami, da yadda zan ba laftof ɗin data daga wayata. Bayani ya yi tsawo har miyata ta kusa kamawa. Da ya ga ina waiwayen kicin sai ya ce, "Yau ke ma kin ji abin da ɗalibanki ke ji."

Ranar da na fara kai majigin aji biyu, muna gama haɗa wayoyi aka ɗauke wuta. Yara suka yi "wayyo" baki ɗaya. Sai da na roƙi mai askin da ke jikin katangar makaranta ya jawo mana waya daga ɗan janaretonsa. Muka toshe tagogi da tabarmin masallacin makaranta, muka juya kujeru suka fuskanci bangon baya, domin shi ne mai sauran farin fenti. Da farko hoton ya fito dishi-dishi, na yi ta murɗa bakin majigin ina addu'a a zuci, can sai ga duniya ta fito tangaram, shuɗiya, tana lilo a jikin bangon ajinmu.

Na jawo Afirka, na jawo Nijeriya, na yi ta matsowa har kogin Kaduna ya bayyana yana lanƙwasa kamar maciji ya sha rana. Suka ga gada, suka ga layin dogo, suka ga rufin Babbar Kasuwa jere reras. Daga nan ban sake iya riƙe ajin ba. Kowa ya miƙe yana nuni.

"Malama, yi sama kaɗan, layinmu ne!"

"Ga filin ƙwallonmu!"

"Wallahi ga mangwaron makaranta!"

A ajin akwai wata yarinya 'yar wani tela daga Rafin Guza, siririya, bakinta ba ya hutawa. Ita ce ta fi kowa yawan tambaya, ita ce kuma ta fi kowa shan faɗa a wurin malamai. Ta matso har inuwarta ta rufe rabin Kaduna, ta gano gidansu ta wata tsohuwar taya da babanta ya ɗora a kan kwano don kada iska ta yaye shi. Ta juyo ta ce, "Malama, yanzu duk duniya suna ganin tayar Baba?" Aka fashe da dariya.

Da suka ɗan lafa na ce musu yau Tarihi muke yi, ba kallon gidaje ba. Na fara mayar da hoton baya. Suna kallo gidaje suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, shaguna suka tafi, wasu layukan suka koma fili da gonaki. Hoton bai kai can baya sosai ba, kuma da aka yi nisa ya dushe, amma an ga abu ɗaya a fili: wani koren zare ya ratso ta bayan unguwa, ya bi ta daidai inda ƙofar makarantarmu take yanzu, ya gangara wajen kogi. Ɗan rafi ne, da ciyayi a bakinsa.

Kowa a ajin ya san wurin nan. Lambatun da ke ƙofar makaranta ne. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya cika ya tumbatsa, yara su cire takalma su riƙe a hannu, mu malamai mata mu tattare zane mu tsallaka muna salati. Ni kaina takalmina ƙafa ɗaya ya taɓa tafiya a ciki, na koyar da darasin ranar da silifas ɗin alwala.

'Yar tela ta daɗe tana kallon koren zaren, sannan ta ce, "Ashe ruwan nan ya riga mu zuwa. Mu ne muka zauna masa a hanya."

Na ce haka ne, kuma wannan shi ne Tarihi. Sai ta ƙara da cewa, "To, Malama, gyaran lambatun aikin wa ne?"

Na mayar wa ajin tambayar. Wasu suka ce Gwamna, wasu suka ce Shugaban Ƙasa, wani daga baya ya ce firinsifal. Yaran nan duk sun haddace matakan gwamnati uku, suna iya rero su cikin barci. Na ce kada kowa ya yi gardama, ranar Sibik za mu nemo amsar tare.

Ranar Sibik na buɗe musu kundin tsarin mulkin ƙasa a intanet, na haska shi a bango. Yawancinsu ba su taɓa ganinsa ba, suna jin sunansa ne a rediyo kamar sunan wani babban mutum. Turancinsa mai nauyi ne, don haka na riƙa karantawa ina fassarawa. Muka gangara har inda aka zayyana ayyukan ƙaramar hukuma. Ga kasuwanni da tashoshin mota, ga rajistar haihuwa, ga sanya wa tituna suna. Da muka zo kan ba da lasisin keke da baro da kwalekwale, ajin ya kaure da dariya. Wani yaro da yayansa ke tura baro a Babbar Kasuwa ya ɗaga hannu a tsorace ya ce, "Malama, don Allah kada a faɗa wa kowa, Yaya ba shi da lasin." Na ce ya kwantar da hankalinsa, maganar ba za ta fita daga aji ba.

Can sai ga shi: gina magudanan ruwa da kula da su, da kwashe shara. Suka yi tafi kamar an ci ƙwallo. An kama mai laifi, in ji su.

Na bari suka gama murna, sannan na ce, "To, ledojin ruwan da suka toshe lambatun fa, ƙaramar hukuma ce ta sha ta jefa?"

Nan kowa ya sami abin kallo a kan tebur ɗinsa.

Mako na gaba na nemo musu bidiyon zaman majalisa, don su ga yadda ake kawo ƙuduri a yi muhawara a kansa. Suka ga an shigo da sandar majalisa kowa ya miƙe, suka ga babu mai magana sai Kakaki ya ba shi dama. Ina cikin bayani na juya wa bango baya, ban san bidiyon ya ƙare wani bidiyon ya biyo bayansa da kansa ba. Sai na ji ihu da shewa. Ina waiwayawa na ga 'yan majalisar wata ƙasa can daban suna dambe, kujeru na tashi sama, wani ya riƙe wa wani wuyan kwat. Na yi ta lalube ina neman inda zan kashe, yara kuwa har da masu hawa benci don su gani da kyau.

"Malama, mu ma in mun kafa tamu za mu yi irin wannan?"

Na ce duk wanda ya ɗaga kujera a majalisata shi zai share ajin har ƙarshen zango. Daga ranar na koyi sauke bidiyo a gida in kalle shi tun daga farko har ƙarshe kafin in kai shi gaban yara.

Haka muka kafa majalisar aji biyu. Aka yi zaɓen Kakaki ta hanyar ɗaga hannu, kuma abin mamaki ba su zaɓi masu surutu ba. Wani yaro suka zaɓa, ɗan wani malamin allo, mai sanyin magana, wanda ya yi nisa a haddar Alƙur'ani, ba a taɓa jin ya yi faɗa da kowa ba. Sandar majalisa muciya ce wata ta ɗauko daga kicin ɗin gidansu, 'yar tela ta naɗe ta da ragowar ƙyalle mai ruwan zinariya daga shagon babanta. Dasta ita ce gudumar Kakaki, duk bugu ɗaya sai garin alli ya tashi ya sa shi atishawa.

Ƙudurin farko da suka kawo, a daina tsare 'yan makara a bakin ƙofa ranar da aka yi ruwa. Ya wuce babu hamayya ko ɗaya. Na ce musu majalisa ta gama nata, saura sa hannun ɓangaren zartarwa. Suka tura wakilai wurin firinsifal. Ya saurare su da kyau, ya ce ya amince, amma ruwan da ya gani da idonsa, ban da wanda aka ce an yi a unguwarsu mutum shi kaɗai.

Ƙuduri na biyu 'yar tela ce ta kawo shi. Ta miƙe ta gyara hijabi ta ce, "Ya mai girma Kakaki, ina roƙon wannan majalisa ta gayyaci kansilan mazaɓarmu ya zo ya yi mana bayani a kan lambatu." An yi muhawara sosai. Wani ya ce manya ba sa zuwa kiran yara. Wata ta ce in ya zo ya ga ledojinmu fa, da wane ido za mu dube shi? A ƙarshe aka yi wa ƙudurin gyara: za a gayyace shi, mu kuma za mu fito aikin gayya mu yashe lambatun.

Neman kansilan ya nuna mana iyakar intanet. Mun samu hotonsa cikin babbar riga yana murmushi, mun samu wata lambar waya, muka kira aka ce a kashe take. Da na kai wa firinsifal kuka sai ya yi dariya ya ce, "Wannan ai sahu ɗaya muke sallar Juma'a da shi. Ku bar mini."

Kansila kuwa ya zo, wata Laraba da hantsi. Ina jin ya ɗauka taron raba kyaututtuka ne, domin ya sha shadda, ga wasu mutum biyu a bayansa, ɗaya na ɗaukar hoto da waya. Yana shigowa ya tarar da aji a duhu, tagogi a toshe da tabarmi, kujeru sun kasu gida biyu suna fuskantar juna, ga muciya mai ruwan zinariya a kan tebur. Ya yi sallama, ya gyara murya zai fara jawabi. Sai Kakaki ya buga dasta, ya yi atishawa, ya ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri a zauna tukuna, majalisa ba ta ba da dama ba."

Firinsifal, wanda ya rako kansilan, ya sunkuyar da kai. Kansila ya tsaya kamar bai ji daidai ba, sai kuma ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Allah ya ba Kakaki haƙuri," ya nemi benci ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

Aka ba 'yar tela dama. Ta miƙe da takardarta a hannu. Ta gaishe shi, ta ce a haska taswira. Ta nuna masa makaranta, ta nuna masa lambatun, ta ce a mayar da hoto baya. Da koren zaren nan ya fito, sai na ga kansila ya miƙe ba tare da neman izinin kowa ba, ya matsa jikin bango.

Ya ce, "Kai! Wannan ai rafinmu ne."

Ashe a unguwar aka haife shi. Ya sa yatsa a bango yana bin rafin, hoton na kwance a bayan hannunsa. Ya nuna inda suke wanka suna yara, da inda suke kama tarwaɗa da kwando, da inda wata gonar rake take, wadda mai ita ya sha bin su da gudu. Ya ce a lokacin in ka tsaya a nan kana hango jirgin ƙasa in zai wuce. Ya manta da jawabin da ya zo da shi, yara kuma suka manta da dokar majalisa, tambayoyi ta ko'ina. Ni dai na koma gefe na tsaya. Darasin Tarihin da na fi jin daɗinsa ke nan a rayuwata, kuma ban ce uffan a cikinsa ba.

Kakaki ne ya dawo da mu hanya. Ya buga dasta ya ce har yanzu ba a amsa tambayar majalisa ba. Kansila ya koma benci, ya cire hula ya share gumi. Ya ce zai faɗa musu gaskiya tunda sun karanta da idonsu. Aikin na ƙaramar hukuma ne, babu musu. Amma shi kansila ba shi ke ba da aiki ba, nasa ya kai kuka gaban ciyaman da sauran kansiloli, ya yi ta bibiya, kuma unguwanni da yawa suna da irin wannan kukan. Ya ce ba zai yi musu alkawarin kwalbati ba, don kada gobe su kira shi maƙaryaci, amma zai kai maganar, kuma ranar aikin gayya zai turo motar kwasar shara.

Sannan ya ce, "Ya mai girma Kakaki, ni ma a ba ni dama in yi tambaya. In an yashe, wa zai hana a sake cika shi?"

'Yar tela ta ce majalisa ta riga ta yi doka, duk wanda aka kama ya jefa leda zai tsinci guda ashirin. Ya ce to shi ma a sa shi cikin dokar.

Ranar Asabar ɗin aikin gayya unguwa ta cika. Iyaye maza suka fito da shebur da manjagara, mai askin nan ya rufe shagonsa ya shigo ciki, wata uwa ta aiko da kunun zaƙi a bokiti. Abin da muka fitar daga lambatun nan ba ya faɗuwa: ledoji, robobi, tsohuwar katifa, har da kan keken ɗinki, wanda 'yar tela ta rantse ba na babanta ba ne. Mota ta zo kamar yadda aka ce. Kansila ma ya zo da dogayen takalman roba. An ɗauke shi hoto, gaskiya ne, amma bayan an gama ɗauka bai ajiye shebur ɗin ba sai da aka tashi.

Ba a gina kwalbati a shekarar ba. Abin da muka samu, bayan 'yan makonni wata mota ta sauke faffaɗan kankare guda biyu aka ɗora a bakin ƙofa. Ruwa bai fasa zuwa ba, sai dai yanzu yana wucewa ta ƙasa, in ya yi yawa ya taɓa idon sawu ya tafi. Mu dai mun daina tattare zane.

Majigi kuwa ya zama ɗan gata. Malamin Kimiyya yana so, malamar Turanci tana so, har sai da aka raba mana ranaku. Ni kuma na ci gaba da tono. Na samo tsofaffin hotunan tashar jirgin ƙasa da na ginin majalisa mai ƙubba, na samo muryoyin dattawa suna ba da labarin yadda gari ya faro. Na kuma koya wa yaran su riƙa tambayar wa ya saka abu a intanet, kuma daga ina ya samo shi, bayan wani ya kawo mana hoton wata gada ya ce ta Kaduna ce a zamanin da, muka bincika muka tarar ko a Afirka ba take ba.

A zaman majalisa na ƙarshe kafin hutu, wani yaro ya kawo ƙudurin cewa Malama ta bi su aji uku. Aka yi ta tafi, ni kuma na yi kamar ina gyara wayoyin majigi don kada su ga fuskata. Kakaki ya buga dasta, ya jira aka yi shiru, ya ce shi ma yana so, amma raba wa malamai azuzuwa ba hurumin majalisa ba ne, na ɓangaren zartarwa ne, don haka ƙudurin bai hau ba. Aka yi masa caa, bai janye ba. Sai 'yar tela ta ce to a mayar da shi roƙo. Ta ja mutum huɗu suka nufi ofishin firinsifal, muna hango su ta taga suna tsaye a gaban teburinsa da hannuwa a baya.

Da aka dawo hutu na duba jadawali, na ga an ba ni Tarihin aji uku, Sibik kuma an ba wani sabon malami da aka turo mana. Ranar da ya fara shiga ajinsu ya fito ya same ni a ofishin malamai, ya zauna, ya ce, "Malama, waɗanne irin yara ne waɗannan? Na ce su yi shiru su kwafi rubutu, wai sai na kawo shi a matsayin ƙuduri."

Na zuba masa shayi, na jawo kujera kusa da tasa, na fara ba shi labari tun daga farko.